Ba Fari, Ba Ruwan Toka

Duk wanda ya taɓa zama teburi ɗaya da Svetozar, wanda garinmu ke kira Toza, ya san mutumin ya yi zaman Jamus. Ba sai ka tambaya ba. Ko gishiri ka ce ya miƙo maka, sai ka fara jin yadda Bajamushe ke miƙa gishiri. Gaskiyar magana, bazara ɗaya ya yi a can yana ɗaukar wa masu fenti bokiti, aka sallamo shi ranar da ya shafe tagar wani har da gilashin. Amma in a bakinsa ka ji, rabin gidajen ƙasar da hannunsa suka yi kyau.

A shekarar da nake ba ku labari, bakin nan ya ja masa. Mahaifinsa, tsoho Stanimir, ƙafa ta gaji, ya ce shi da tsayuwar slava, wato bikin waliyyin gida inda maigida ke wuni a tsaye yana hidimar baƙi, sun yi sallama. Ranar Waliyyi Nikola mai zuwa zai sauke hoton waliyyin gidansu daga bangonsa ya kai gidan ɗaya daga cikin 'ya'yansa biyu, kuma inda hoton ya zauna, can dangi za su riƙa taruwa kowace shekara. Toza ne babba. Sai dai ƙanensa Milutin ya gina sabon gida mai bene, shi kuwa Toza hayaƙin murhu ya mayar da falonsa kalar tsohon haƙori.

"Zan zo in duba bangon," in ji tsohon. "In ya dace da waliyyi, ƙusa na aljihuna. In bai dace ba, motar Milutin na ƙofar gida."

Toza ya yi dariyar yaƙe. A ce ƙanensa ne zai tsaya a matsayin maigida yana zuba wa baƙi abin sha, shi kuma yana zaune a ƙarshen teburi kamar wani baƙo? Gara ya mutu. Ya daki ƙirji ya ce, "Baba, falon nan in na gama da shi, sai ka tuɓe takalmi tun daga titi."

Nan ne matan suka shigo maganar.

"Fari," in ji mahaifiyarsa Leposava. "Fari tas, irin cukun da nake yi. Tun kakanninku ba a taɓa rataye waliyyi a bango mai datti ba."

"Ba datti ba ne, Inna," in ji matarsa Dobrila. "Ruwan toka ne mai taushi, mai ɗan ja-ja a ciki. Farin nan mai kashe ido, mutum ya shigo falonsa sai ya ji kamar likita zai leƙo ya ce ya kwanta."

"Toka dai a murhu na san ta."

"Ni ce zan wuni ina kallon bangon."

"Ni kuma ni na haifi mai bangon."

Tsohuwar ta ce in ta ga ɗigon toka a falon, da bakinta za ta ce wa mijinta ya wuce da hoton. Dobrila ta ce in aka yi fari, to Toza ya nemo mai soya masa kifin slava, ita tana gidan yayarta. Slava ba hoto, ko slava ba abinci. Wani mutum da nan zai zauna ya yi tagumi, amma Toza sai ya ɗaga yatsa.

"Ku bar wa gwani. A Jamus ba a gardamar launi da baki, samfur ake kaiwa. Inna, ba ni cukun. Ke kuma wace irin toka kike nufi?"

Dobrila ta leƙa taga. Kyanwar maƙwabciyarsu Desanka na kwance kan katanga tana lasar ciki. "Ga ta can. Irin cikin kyanwar nan."

Desanka ba ta bayar da kyanwar da daɗin rai ba.

"Me ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, maƙwabciya. Aiki za ta raka ni."

"Ai kuwa ta fi ka sanin aiki. In gashinta ɗaya ya ɓace, da naka za ka biya, ko da yake ban ga abin biyan ba."

Toza ya shafa sanƙonsa, ya sa kyanwa a kwando, ya sa cukun a gefenta, ya rufe, ya nufi shagon Ratko mai fenti yana gaisawa da mutane da hannu ɗaya. A shago ya ɗora kwandon kan kanta kamar mai kawo kayan gado.

"Launi biyu nake so ka haɗa mini. Ga samfur."

Ya buɗe. Kyanwa ta ɗago kai tana lashe gashin baki. Banda takardar da aka naɗe cukun, ba komai.

"Na ga tokar," in ji Ratko. "Ina farin?"

"Yana ciki."

"Cikin me?"

"Cikin tokar."

"To jira za mu yi ya fito, ko yaya ake yi a Jamus?"

Masu sayayya suka fashe da dariya. Toza ya ce su yi ta dariya, jahilci ne, ya kama kyanwar ya birkice ta don Ratko ya ga cikin da kyau. Kyanwa ba ta saba a nuna cikinta a kasuwa ba. Ta ja masa layi uku a hanci, ta haye kanta, ta bi ta kan wani buɗaɗɗen gwangwani, ta fice. Da yamma ta koma gida da ƙafafu kore shar, ta bar sawunta a kan zanen gadon da Desanka ta shanya. Abin da Desanka ta faɗa ta kan katanga ba ya maimaituwa a lokacin azumi.

Duk da haka Toza ya dawo da gwangwanaye, na fari da na toka. Ya shafa kowanne faɗin tafin hannu a bango, ya tara unguwa ta yi hukunci. Mai kawo wasiƙu ya zo da safe ya ce tokar ta yi kama da ruwan wanki. Wanzami ya zo da azahar ya ce farin ya sa masa hawaye. Desanka ta zo ba a gayyace ta ba, ta ce duka biyun sun fi kore. Wani tsoho ya daɗe yana kallo, ya yaba ƙwarai, ashe tabon hayaƙin da ke tsakani yake yabawa. Aka rabu gida biyu, har wasu surukai suka daina gaisawa a layin burodi.

Ana cikin haka Leposava ta wayi gari da sanƙarar wuya. Wani jikanta ya bar taga da ƙofa a buɗe lokaci ɗaya, iskar nan da muke kira promaya ta ratsa ɗakin ta same ta a ƙeya. Ta naɗe wuya da mayafi, ba ta iya waiwaye, in za ta dubi gefe sai ta juya gaba ɗaya kamar kabad. Kowa ya tausaya mata. Toza kuwa da ya ga haka sai idonsa ya yi haske, don dabara ta faɗo masa.

Falon na da ƙofa biyu suna kallon juna. Ta shigowa daga waje tana yamma, ta kicin tana gabas, a bangon da za a rataye waliyyi. Sai ya yi wa rabin gabas fari, rabin yamma toka. Inna za ta shigo daga waje, idonta na kan fari, a zaunar da ita a haka, wuya kuma ya tsare sauran. Dobrila za ta fito daga kicin da tire, idonta na kan toka. Da an buga ƙusa, magana ta ƙare, sai a yi ta faɗa har bazara in ana so.

Saura matsala ɗaya, in Dobrila ta ajiye tire za ta juya ta koma. Wannan ma ya warware ta.

"A Jamus," ya ce mata, "uwargida ba ta komawa ta ƙofar da ta shigo. Ƙauyanci ne. Ki ajiye, ki miƙe gaba, ki fita ta ƙofar waje, ki zagayo ta tsakar gida."

"Cikin ƙanƙarar?"

"Su Jamusawan a rairayi suke zagayawa?"

"Tokar dai ka yi mini?"

"Toka kamar cikin kyanwa."

"To na ji."

Ya kulle falon, ya ce gwani ba ya aiki ana kallonsa. Sai dai sanyi ya shigo sosai, fentin ya ƙi zama, yana shafawa yana gangarowa. Toza ya tsaya ya riƙe ƙugu. Abin da ba ya zama, gam yake so. Ya narka gam ɗin kafinta tukunya guda ya juye a ciki. Ya ga ya yi kauri, ya ƙara man girki don ya yi sheƙi. Ya ga ya yi ruwa, ya ƙara gam. Haka ya yi ta yi har sandar motsawa ta tsaya da kanta a tsakiyar bokiti, ya ce yanzu ne ya zama na Jamus.

Ranar jajibere ya gama. Bango ya yi kyau, ba ƙarya, sai dai in ka taɓa shi yana rama taɓawa. A jikin gwangwani an ce a bar iska ta ratsa, don haka Toza ya yi ƙarfin hali ya buɗe taga, ya buɗe ƙofar waje. Bai kai ga sauke hannu ba ihun Desanka ya tashi.

"Promaya! Jama'a ku fito, Toza zai kashe kansa!"

Kafin ka ce me, unguwa ta cika ƙofar gidan.

"Ka manta kawunka da bakinsa ya karkace?"

"Mijin ƙanwata minti kaɗan ya zauna tsakanin taga da ƙofa, har yau da kunne ɗaya yake ji!"

"Ga uwarka can ba ta waiwaye, kai kuma kana gayyato ta!"

"A Jamus..." in ji Toza, sai ya ji wani sanyi ya lasar masa ƙeya. Bai ƙarasa ba. Da hannunsa ya rufe tagar, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ya naɗe wuya. Mutum na iya yin wasa da komai a garinmu, amma ban da wannan. Ya ce ai dama zafi ya fi iska busar da fenti, ya cika murhu da itace har ƙarfen ya yi ja.

Ranar slava baƙi suka fara zuwa tun hantsi, kowa cikin baƙin kwat ɗinsa na zuwa coci. Falon ya yi zafi kamar gidan burodi. Tururin miyar kifi da na naɗin kabeji ya haɗu da numfashin mutane, ba kuma mai ƙarfin halin cewa a buɗe taga. Kujeru suka ƙare, waɗanda ba su samu ba suka jingina da bango. Toza, da yake maigida ba ya zama muddin kyandir ɗin slava na ci, ya zaɓi wurin tsayuwarsa da hikima. Ya manna bayansa daidai layin da fari ya haɗu da toka, ya buɗe kafaɗu ya rufe shi.

Da farko abin ya tafi kamar a mafarki. Aka shigo da Leposava a hankali, aka zaunar da ita tana fuskantar gabas.

"Fari," ta ce, har da ƙwalla. "Ɗana ya ji maganata."

Dobrila ta fito da tiren dafaffiyar alkama, ta ga toka, ta yi wa mijinta wani murmushi da rabonsa da shi tun suna saurayi da budurwa. Ta ajiye, ta miƙe gaba, ta fice. Ta sake fitowa da kifi, ta fice. A zagaye na gaba ƙanƙara ta taru a gashinta, murmushin ya ragu.

"Yaya," in ji Milutin, "lafiya matarka ke ta ratsa falo kamar jirgin ƙasa?"

"Tsari ne. Ba za ka gane ba, ba ka fita waje ba."

"Ita dai ta fita."

Baƙi na ganin launi biyun sarai, amma wa zai tsoma baki tsakanin suruka da matar ɗa da cokali a hannunsa? Kowa ya duƙufa kan kifinsa.

Tsoho Stanimir ya warware tawul ɗin da ya naɗo hoton waliyyi. Ya je bangon gabas, ya ɗora allon, ya danna da tafin hannu yana neman tsakiya.

"Nan ya yi?"

"Ɗan sama, Baba."

"Nan fa? Wa ya ga guduma?"

Ya saki hoton ya shiga laluben aljihu. Ba wanda ya lura cewa hoton bai faɗo ba, don a daidai lokacin Fada, limamin coci, ya shigo yana kaɗa turare, kowa ya yunƙura zai miƙe.

Abin da Toza ya manta ke nan. Duk lissafinsa na shiga da fita ne, bai tuna cewa in an zo addu'a kowa gabas yake fuskanta ba, kuma in an zo juya burodin slava, 'yan gida kewaye shi suke yi. Dobrila ta shigo da burodin, Fada ya ce ta juyo wajen waliyyi. Ta juyo. Aka kamo Leposava aka zagayo da ita ɗaya gefen don ta sa hannu. Ta juyo gaba ɗayanta.

Matan biyu suka tsaya fuska da fuska, kowace tana kallon bangon da ke bayan 'yar'uwarta.

"Fari?" in ji Dobrila.

"Toka!" in ji Leposava.

"Svetozar," suka ce tare.

"Ku tsaya in yi bayani. Haske ne. A Jamus akwai fentin da in ka dube shi ta nan..."

"Don wannan na yi ta zagaye gida cikin ƙanƙara da takalmin ɗaki?"

"Da ciwon wuyana ka yi dabara, ɗan nan? Da wuyan da ya goya ka?"

Masu jingine da bango suka ga faɗa ya taso, suka ce bari su matsa. Nan aka ji wata ƙara kamar ana yage buhu. Wanzami ya taho, bayan kwat ɗinsa bai taho ba. Mai kawo wasiƙu ya bar hularsa a tsaye a bango. Matar Milutin ta ja kanta, gashin da ta wuni tana gyarawa ya zauna a inda yake, ta kurma ihu. Desanka ta dafa bango don ta ji daɗin dariya, dariyar ta ƙare hannun bai dawo ba. Fada ya ja da baya yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, gefen rigarsa ya kama, ya tsaya cak da turare na hayaƙi. Sama kuma tururi ya gama aikinsa, farin ya fara gangarowa cikin tokar, tokar na ratsa farin, har bangon ya koma kalar da ba ta da suna.

"A buɗe taga!" wani ya yi ihu.

"Kar wanda ya taɓa ta!" in ji mutum goma.

Toza ya yunƙura zai shiga tsakani, ya ji an riƙe shi ta baya tun daga kafaɗa har ƙugu. Ya yi ta wutsil-wutsil, ƙafafu na tafiya, mutum na nan.

Tsoho Stanimir bai ɗaga murya ba. Ya dubi ɗansa na fari, ya dubi bangon, ya ce, "Milutin, tayar da mota."

Toza ya daina motsi. Duk ihun da aka yi bai taɓa shi ba, amma wannan ta shige shi har ƙashi, ya ji idonsa ya cika, ga shi ko juya baya ya ɓoye fuska ba ya iyawa.

Tsohon ya kama hoton da hannu biyu ya ja. Shiru. Ya gyara tsayuwa ya sake ja. Milutin ya tuɓe kwat ya zo ya kama, ya sa ƙafa a bango don ya sami ƙarfi, ya dawo da safa, takalmin ya zauna. Hoton ko gezau.

"Ba ƙusa fa," wata tsohuwa ta faɗa a hankali.

Leposava ta matso, ta leƙa ta ƙasa, ta yi alamar gicciye. "Ya ƙi tafiya."

"Inna, gam ne," in ji Milutin.

"Rufe mini baki. Kai ne za ka gaya wa waliyyi abin da ya riƙe shi?"

Aka juya ga Fada. Fada ya dubi rigarsa, ya dubi kifin da ke hucewa, ya ce shi dai bai taɓa raba waliyyi da bango da ƙarfi ba, kuma ba yau zai fara ba. Stanimir ya daɗe yana juya ƙusar a hannu, sannan ya mayar da ita aljihu.

"To. Shi ya ga wurin da idonsa, ya zauna. Ni wane ne?"

"Kun gani?" in ji Toza daga bango, murya ta dawo. "Tun farko abin da na shirya ke nan. A Jamus ƙusa ai..."

"Kuma," Leposava ta katse shi, "bangon da waliyyi ya riƙe, burushi ba zai sake taɓa shi ba. Ba fari, ba toka. Haka zai zauna."

Dobrila ta dubi bangon da za ta wuni tana kallo har ƙarshen rayuwarta. Ta ajiye burodin a hankali, ta zo gaban mijinta, ta ɓalle masa maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ta zare shi daga cikin kwat ɗin kamar mai fiɗar zomo. Ta miƙa masa tire.

"Kicin. Ta ƙofar waje, ka zagayo."

Sauran kayan an ɓamɓare su da wuƙa da ruwan zafi, amma kwat ɗin Toza ya fi kowanne shan gam, yana nan har yau, kafaɗu a buɗe, rabi fari rabi toka. Dobrila na ajiye makullai a aljihunsa. Duk shekara dangi na taruwa a gidan, Toza na tsaye gefensa yana zuba wa baƙi abin sha. Tsoho Stanimir in ya shigo, kwat ɗin yake fara gaisarwa. Ya ce cikin masu gidan biyu ya fi son na bangon, don shi bai taɓa zuwa Jamus ba.